Ƙwallon da Sali Ya Ba Ni

Shekara goma sha tara ina kan babur ɗin nan,
Marwa zuwa Gazawa, Gazawa zuwa Mindif,
alli a aljihu, buhu a baya,
da wani abu ƙulle cikin tsumma
wanda ba na kwancewa sai surutu ya ƙi lafawa.

Sali mahauci ne ya ba ni,
ranar da ya farke saniyar da ta rame
alhali ciyawa na gabanta.
Ya zura hannu cikin tumbi har gwiwa,
ya ciro dunƙule kamar kan jariri:
leda kan leda, da guntun igiya,
sun cure, sun zama dutse.
Ya ce, "Kai mai yawon makarantu, kai musu.
Wannan ya fi bakinka iya magana."

Ya kuwa fi.
Na zana kogi a allo, suka yi hamma.
Na lissafa shekarun da roba ke yi a ƙasa,
suka bi ƙadangaren bango da ido.
Da na ɗora ƙwallon Sali a tebur
yara tamanin suka yi tsit,
sai wani ɗan makiyayi can baya ya ɗaga hannu:
"Ta yi kuka kafin ta mutu?"
Ban san amsa ba.
Har yau ban sani ba.

Albashi kan zo, yakan kuma ɓata a hanya.
Ƙungiyar da ta ɗauke ni
ta naɗe tabarmarta a shekara ta shida,
ta bar mini babur da hular da rana ta cinye.
Ban daina ba.
Wataƙila don ban iya wani abu ba,
wataƙila don kunyar waɗanda na ce wa zan dawo.

Ba zan ɓoye ba:
a tashar Gazawa wata 'yar aji uku ta kama ni
da ƙosai a baƙar leda, mai na ɗiga.
"Ashe kai ma?"
Iyakar abin da ta ce ke nan.
Tun ranar nake rataye kwano a jikin babur,
yana ƙwaram-ƙwaram a kan gargada,
kafin in shiga gari an san na iso.

A Mindif, gindin dutsen nan mai kama da haƙori,
mun taɓa tona rami biyu bayan aji.
Ɗaya ɓawon mangwaro, ɗaya ledar ruwa.
Jaratu ce ta riƙe fartanya,
fartanyar ta kusa fin ta tsawo.
Na ce, "In na dawo za mu duba."
Damina ta cinye gada, babur ya kwanta,
wasu garuruwa suka shiga tsakani,
na manta.

Bana na koma.
Jaratu ce ke riƙe da alli.
Ba ta bari na sha ruwa ba,
ta kora ajinta bayan ɗaki, ta nuna wuri da ƙafa.
Ramin farko: ƙasa baƙa, da tana guda.
Rami na biyu: ga ta nan kwance,
ko rubutun jikinta bai goge ba.
Jaratu ta ɗaga ta sama ta ce,
"Ku gaishe ta, ta girme ku duka."

Ba na cewa na ci nasara.
Ruwan farko in ya sauko Mayo Kaliyawo
har yanzu ledoji ne ke gaba, ruwa na biye,
ƙaya kuma na sanye da su kamar tsumman mahaukaci.

Amma da zan tafi ta tsaya bakin ƙofa,
idonta kan tsumman nan.
Na kwance, na miƙa mata.
Ya yi nauyi a hannunta, na gani.

Hanyar Marwa da yamma, buhu ba nauyi.
Ni da kwano,
yana ta yi mini surutu har gida.